Kawunan Aro

Ranar da na koma shago, tun daga bakin titi na hango sun fasa matakalar ƙofa sun zuba siminti ya yi gangare. Na tsaya da sandata a hannu ina kallonsa, raina yana ɓaci. Aikin ya yi kyau, ba wannan ba ne. Abin da ya dame ni, duk wanda ya zo wucewa ya san don wani aka yi, kuma wanin nan ni ce.

Shagon gyaran gashi ne na mata. Kujeru a jere gaban dogon madubi, wurin wankin kai a can ƙurya, sama kuma gidan haya ne da kullum ba a rasa mai jan kujera a cikinsa. A nan ƙuruciyata ta ƙare. Inji suke ce mini, domin kafin wata ta gama tsaga rabin kai ni na kai ƙeya ina neman ta gaba. Hannuna da zafi, wannan kowa ya sani. Mata su zauna a gabana suna tsine mini a ciki, su tashi suna rantsuwar ba za su ƙara ba, kwana biyu ka gan su sun dawo sun ce in ba ni ba sun fasa. Nakan ce musu kitson da bai ja ba ai wasan yara ne, su je gida 'ya'yansu su yi musu.

Sai ciwon ya zo. Yatsu biyu ne na hannun dama suka fara, suka yi nauyi kamar na kwana a kansu, aka wuni aka kwana ba su saki ba. Daga nan idon hagu ya koma gani dishi-dishi. Daga nan ƙafa ta fara ja. Wannan asibiti ya tura ni wancan, aka cusa ni cikin na'urar nan mai ƙara kamar ana aikin kafinta a kanka, sannan wata likita ta zaunar da ni ta faɗi sunan, dogo da Turanci, multiple sclerosis, ta ce masu shi em-es kawai suke cewa. Ta ce in ɗauka jijiyoyina wayar lantarki ce, jikin nawa da kansa yake gwaguyar robar da ta lulluɓe su, shi ya sa saƙo yake tasowa daga kai ya ɓace a hanya kafin ya kai yatsa. Na tambaye ta yaushe zan warke. Ta ce ba a warkewa, lallaɓa shi ake yi, yana lafawa yana tashi. Na ce to kitso fa? Ta ce wannan kam hannuna ne zai gaya mini.

Hannun da ba ya ji, da me zai gaya mini? A gida kuma babu kan da zan gwada, 'ya'yana duk maza ne, kowa da tal-tal ɗin kansa kamar ƙwai. Don haka da hutun jinya ya ƙare, abu ɗaya na koma shago in ji: ko har yanzu ni makitsiya ce.

Madam ce ta fara fitowa. Ita ce mai shagon, mace mai jiki, mai saurin faɗa da saurin kuka, wadda tun ranar da na kwanta ta ce kujerata ba mai zama a kai, kuma ba a zauna ba. Ta rungume ni har sandar ta faɗi. Rediyo, abokiyar aikinmu, ta ɗauko mini ita, kafin ta miƙo ta ba ni labarin duk abin da ya faru a layinmu tun tafiyata, daga sabuwar motar mai kemis har rigimar masu hayar sama. Ba sai na gaya muku inda ta samo sunan ba. Bahaguwa ba ta taso ba. Tana kan wani kai, ta ɗago ta dube ni ta madubi ta ce, "Kin rame," ta ci gaba da aikinta. Tare muka fara aiki a shagon nan da ita, kafaɗa da kafaɗa, kuma a duk gaisuwar ranar tata ce kaɗai ta shige ni.

Sun ji an ce zafi yana tayar da ciwon, sai suka kwashe drayoyin busar da gashi duka suka kai ƙurya, suka dawo da ni ƙarƙashin na'urar sanyi, inda a da Madam take zama tana ba da umarni. Sun sayo mini doguwar kujera mai majingina don in riƙa kitso a zaune. Matajina da kibiyar tsaga an naɗe musu ƙota da roba sun yi kauri yadda ba za su zame mini ba. A banɗaki an kafa ƙarfen dafawa. Gashin da yake zuba ƙasa, wanda a da sai an tashi ake sharewa, yanzu yana sauka Rediyo za ta bi shi da tsintsiya, wai kada sandata ta sulɓe. Bayan labule kuma an sa ɗan gado, in gajiya ta zo in kwanta. Ba irin gajiyar da kuka sani ba ce. Ta ciwon nan zuwa take kamar an zare maka filogi, kana cikin magana ka ji ko leɓe ba ka iya ɗagawa.

Ba ni da abin cewa. Wallahi da za a tara masu shago na duniya a tankaɗe, ba za a samu biyun Madam ba. Na faɗa kuma ina ƙara faɗa, don kada wani ya ji sauran labarin ya ce butulci ne yake damuna.

Kan farko da aka ba ni na wata baiwar Allah ce mai sanyin murya. Gashinta mai laushi, ba tsawo ba gajarta, irin wanda ko mai koyo za ta yi addu'ar samu. Ta ce manyan layuka take so masu komawa baya. Na yi bisimilla na sa hannu, sai na ji kamar ina kitso da safar hannu mai kauri. Ga gashin nan a tsakanin yatsuna ina ganinsa, amma ba na jin sa. Shi kuwa kitso da yatsa ake yin sa. Yatsa ne yake gaya maka nan ka ja, nan ka sassauta, nan ka ɗebo da yawa, nan wani sili ya zille. Ido ɗan rakiya ne kawai, ni kuma ɗan rakiyar ma guda ɗaya ne mai kyau. Na daɗe a kan kan nan har kunya ta kama ni. Kafin in gama, zufa ta jiƙa mini riga a ƙarƙashin na'urar sanyi.

Matar ta juya kai dama da hagu a madubi ta ce ma sha Allah. Rediyo ta hau tafi. Madam ta share hawaye da bakin mayafinta ta ce Inji ya tashi. Ranar na koma gida ina jin kamar in jefar da sandar a kwata.

Haka aka ci gaba. Kullum kai ɗaya, wani lokaci biyu, kuma Madam ce take zaɓa mini. Duk masu haƙuri. Babu wadda ta taɓa cewa wash. Babu wadda ta ce tsagar nan ta karkace, ko a warware mata wannan layin a sake. Babu wadda ta zo da hoto a waya ta ce irinsa take so sak, in bai yi ba a bar mata kanta. Ni da na san mata a kujerar kitso! Mace za ta yafe maka ka taka mata ƙafa, ba za ta yafe maka layi ɗaya da ya kauce ba. Tsofaffin kwastomomina kuwa, masu tsine mini ɗin nan, in sun shigo Madam takan tare su a ƙofa da hira ƙasa-ƙasa, sai su ƙaraso su tambaye ni jiki, su yi mini addu'a mai tsawo, su je su zauna gaban Bahaguwa. Aka ce mini kansu yana da wuya, a bari in ƙara ƙarfi. Na yarda, domin ina so in yarda.

Sau ɗaya na tambayi Bahaguwa, muna wanke matajai, na ce yaya take ganin hannun nawa. Ta ce ina ƙoƙari. Ta rufe famfo ta tafi amsa wayar da ni ban ji ta yi ƙara ba.

Wata rana da yamma baban yara bai samu zuwa ɗaukata ba, na shiga bas. Wani dattijo da a shekaru ya haife ni ya tashi ya ba ni wuri, wannan ma wani sabon abu ne da na tsana, amma na zauna. A kujerar gabana akwai wata mata, gyalenta ya zame ya sauka kafaɗa, ƙeyarta dab da hancina, daidai inda idona mai kyau yake gani tar. Na san kan. Makitsiya tana iya manta fuska, ba ta manta kai. Akwai wani ɗan tabo a bayan kunnen dama inda gashi bai fito ba, shekaranjiya sai da na kewaye shi. Kitson ma shi ne, manyan layukan nan masu komawa baya. Daɗi ya kama ni. Na ce tunda Allah ya kawo aikina gabana babu mai tafi a kusa, bari in ƙare masa kallo.

Ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Tsaga a miƙe kamar an ja da zare, ko sili ɗaya bai tashi ba. Ina ta bin layin da ido zuciyata tana cika, har na sauko kan jela. To kowace makitsiya da yadda take rufe kitsonta. Ni nakan tufke har ƙarshe in murɗa ta dama in saki. Wannan an murɗa ta hagu, an soke ƙarshen a ƙarƙashi. Shekara da shekaru ina zaune gefen hannun da yake yin haka. Ko a mafarki aka nuna mini, na san kitson Bahaguwa.

An tsefe nawa ke nan an sake, aka yi shi daidai da yadda na yi, layi da layi, don ko na haɗu da matar a hanya kada in gane. Sun yi tunanin komai. Abin da suka manta, kuma su da suke makitsa bai kamata su manta ba, shi ne hannu ba ya ɓuya.

Da matar ta miƙe za ta sauka, muka haɗa ido. Ta yi sauri ta ja gyale ta rufe kan, ta gaishe ni tana in-ina. A nan na ga abin da ya kamata in gani tun ranar da ta zauna gabana: goshin Rediyo ne da ita, da wushiryar Rediyo. Bas ya tashi, na shiga bin kawunan da na kitsa ɗaya bayan ɗaya. Mai sanyin muryar nan ta farko, ai ta san inda makunnin fanka yake ba tare da an nuna mata ba. Wata ta taɓa ce wa Madam "Gwaggo" sannan ta kama bakinta. Ashe duk 'yan uwansu ne da maƙwabtansu. Aron kawuna aka yi mini, kamar yadda ake ba yaro sitiyarin roba ya riƙe a bayan mota. Na wuce inda zan sauka ban sani ba, sai da na dawo da ƙafa, ina jan ta.

Na tarar da baban yara a kicin yana yanka albasa. Tun da wuƙa ta fara faɗuwa daga hannuna shi ya karɓi wannan aikin, kuma har yau yankan nasa kamar na mai faskare ne. Na jingina da ƙofa.

"Baban yara, matar nan mai tabarau da na yi wa kitso makon jiya, ka san ta?"

Ya ci gaba da yanka kamar bai ji ba. Can ya ce, "Matar abokin aikina ce."

"Har da kai ke nan."

Ya ajiye wuƙar. "To me kike so mu yi, Inji? Wata nawa kina kwance fuskarki a bango, ko yara ba kya amsa wa? Ranar da kika yi kitson farko kin dawo kina waƙa a banɗaki. Da kunnena na ji."

Sauran bai ɓoye mini ba. Madam ce ta tsara, tun kafin in dawo. Kowa ya kawo wadda zai iya kawowa, a gaya mata abin da za ta ce da wanda ba za ta ce ba. In an tashi daga shago, Bahaguwa ta bi ta gida ta tsefe ta sake. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Bahaguwa da ciwon bayanta, da 'ya'yanta suna jiranta, ta wuni a tsaye sannan ta hau bas zuwa wata unguwa ta gyara ɓarnata. Na tambaye shi ko kitson nawa ya lalace har haka. Ya ce shi me ya sani a kitso, abin da aka gaya masa kawai, kowane kai za a sake, ya yi kyau ko bai yi ba, don kada a samu matsala.

Maganar nan ta ƙarshe ita na riƙe. Ya yi kyau ko bai yi ba. Ke nan watakila ba su ma tsaya sun duba ba. Watakila tsoro ne kawai irin na Madam, wadda in ta ji ka yi atishawa za ta ce a kira likita. Watakila hannun yana nan, su ne suka yanke masa hukunci tun bai yi laifi ba.

Na so in je in tayar musu da hankali, in ƙare wa kowa tas in ɗauki jakata. Da mugunta suka yi mini da na san abin yi, bakin nan nawa bai taɓa rasa amsar mugu ba. Amma mutanen da suka fasa matakalarsu dominka, suka kawo maka kawunan ƙannensu ka yi wasa da su, ta ina za ka fara zaginsu? In na tambaya kuma, na san amsar. Madam za ta rantse mini, Rediyo ta kawo shaidu, Bahaguwa ta tafi amsa waya. Sai na zauna na nemi tambayar da ba a iya amsa ta da tausayi. Zan raba kai biyu. Rabi in yi masa iyakar abin da ya rage a hannuna, rabi in ɓata shi da gangan. In har hannun yana nan, ko makaho ya shafa zai ji bambanci.

Na yi shiri kamar mai zuwa jarrabawa. Na sha magani a kan lokaci, na kwanta da wuri, na zo da sassafe lokacin da gari bai ɗau zafi ba, don a lokacin yatsun suka fi jin magana. Madam ta tare ni da fara'a ta ce yau ma ga wata ta zo tun daga nesa, labarina ta ji ta ce sai ni. Na dubi matar. Doguwar fuska, da ɗan kunne irin wanda na taɓa gani a kunnen Madam. Na gaishe ta na ce Allah ya saka da alheri. Ta amsa da amin, ba ta gane abin da nake nufi ba.

Da ɓangaren dama na fara. Ban taɓa ba wani kai abin da na ba rabin kan nan ba, ko ina amarya a sana'ar. Kowace tsaga sai na ja ta, na duba, na goge, na sake ja. Na kusantar da idona mai kyau har ina shaƙar man gashin. Da yake ba na jin ja, sai na riƙa kallon fatar kan, in ta ɗaga kaɗan in san ya kama. Hannun yana rawa, ina matse shi, yana ƙara rawa, ina ƙara matsewa. Na cije leɓe har na ji gishiri. Rediyo ta fara wani labari na ce ta yi mini shiru, ta yi, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Da na rufe layin ƙarshe na dama, kafaɗata kamar ba a jikina take ba. Na shiga bayan labule na kwanta kaɗan, matar tana zaune da rabin kai.

Da na fito na hau hagu da wasa. Tsaga in ja ta yadda ta ga dama. Gashi in ɗebo yadda ya zo, in tufke sako-sako ba tare da na duba ba. Na ce wa Rediyo ta ci gaba da labarinta, ina kitso ina kallon titi ina dariya. Kafin ta kai ƙarshen rigimar masu hayar sama na gama.

Matar ta juya kai dama da hagu ta ce ma sha Allah. Rediyo ta yi tafi. Madam ta ce kullum hannun ƙara faɗawa yake. Rabin kai na lalata a gabansu da rana tsaka, babu wadda ta ko ƙifta ido. Na dubi madubi in gani da kaina, amma wahalar da na sha ta taso da idon, har mai kyan ma ya fara haɗa layuka biyu su zama ɗaya. Matar ta ɗauki jakarta za ta miƙe, na dafa kafaɗarta na ce ta ɗan jira.

"Bahaguwa," na ce, "zo."

Ta zo tana goge hannu da tawul.

"Na san ke kike bi gida kina tsefewa."

A sama aka ja kujera. Rediyo ta dubi tsintsiyarta. Madam ta buɗe baki, hawaye ya riga maganar fitowa. Na ce mata ta bari, ba faɗa na zo yi ba, kuma babu wadda na riƙe a rai.

"Abu ɗaya nake so, kuma a wurinki nake so, don ke ba ki iya ƙarya ba, gudu kika iya. Rabin kan nan na ɓata shi da gangan. Rabi na yi iya yina. Nuna mini wanda na ɓata."

Ta ajiye tawul ɗin. Ta tsaya a bayan matar ta duba, sannan ta sa yatsu, don ita nata suna ji. Ta bi layi na farko daga goshi har ƙeya. Ta koma ɗaya gefen ta bi. Ta dawo. Ta ɗaga jela ta duba ƙarƙashi, ta sake komawa. Ina zaune a doguwar kujerata ina kallon hannunta yana kai da kawowa, kuma tun a nan jikina ya yi sanyi. Abin da na zata za a nuna da baki daga nesa, ga shi ana lalube.

Can ta ɗora tafinta a dama.

"Wannan."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Nan kin ja har fata ta tashi, nan kin saki kamar ba a kama ba, layin yana tafiya yana karkarwa. Kin iya ɓarna, ba laifi." Ta taɓa hagu. "Wancan kuwa, tunda gaskiya kika ce, bai kai a fita da shi ba. Amma ya fi wannan nesa. Da sauran hannunki a ciki."

A wurin na fid da rai. Ban ji zafi ba, ban ji fushi ba, ni da fushi yake zuwar mini kafin numfashi. Ji na yi kawai abin da na riƙe tun daga ofishin likita ya sulale, kuma na san ba zai dawo ba. Na ɗago na gan su a madubi, su uku a jere a bayana. Bahaguwa tana jira ta ji ko ta ci jarrabawar. Ta faɗi magana mai ɗaci a ganinta, ta haɗa mini da ɗan abin da zan riƙe, kuma ta gaskata shi har zuciyarta. Madam ta dunƙule hannu a ƙirji.

"Kin gane," na ce.

Sai ka ga shago ya dawo da rai. Rediyo ta fashe da dariya ta ce wallahi ni muguwa ce, ji yadda na sa su a tarko. Madam ta fyace hanci ta ce to ai ga shi nan, Bahaguwa da bakinta ta ce da sauran hannu, abin a hankali ne, ba a gini rana ɗaya. Ta ce ma ta huta da ɓoye-ɓoye, daga yau a fili za a riƙa yi, ina gwadawa ana gyarawa har hannun ya dawo. Ta nemi gafarata, ta nemi ta matar da ke zaune, wadda ashe ƙanwar mijinta ce. Sannan ta tambaye ni ko 'yar maƙwabciyarta ta zo gobe, gashinta yana da sauƙi.

Na ce ta zo.

Bahaguwa ta ɗauko mataji za ta fara tsifa. Na ce ta bar mini wannan, ta je ta ƙarasa kan da ta bari, in na gama sai ta yi kitson a nan, ba sai ta bi kowa gida ba. Ta dube ni ta madubi, sannan ta koma wurinta. Na gyara zama, na sunkuyar da kan matar, na sa kibiya a layin farko na dama, wanda na fi daɗewa a kansa, na fara warwarewa.